Malama ta Huɗu a Aji Huɗu

Shekara guda da wata uku Mashkura ta yi a gida bayan ta gama kwalejin horon malamai. Ba wai ba ta nemi aiki ba. Ta yi ta yawo da takardunta makaranta-makaranta, daga Karu zuwa Kurudu zuwa Orozo, har gefen fayil ɗin ya yi baƙi saboda riƙo. Ko'ina amsar ɗaya ce: sakamakonta ya yi kyau, amma ba ta da gogewa. Ita kuwa ta rasa inda ake sayar da gogewar nan ga wanda ba a taɓa ba shi aji ba. Don haka kullum da safe takan bi mahaifinta, Malam Datti, zuwa shagonsa na hatsi a bakin titin Jikwoyi, ta zauna tana auna wa mata gero da masara, tana kallon 'yan makaranta suna wucewa.

Malam Datti Bazazzage ne, ya haura shekara ashirin a Abuja yana wannan sana'a. Tun ranar da 'yarsa ta shiga kwaleji ya daina kiran sunanta, sai Malama. Ko a gaban masu ciniki haka yake kiranta, su kuma su ɗaga kai su dube ta da mudu a hannu, abin ya dinga ci mata rai.

Wata Litinin a ƙarshen watan Fabrairu ta ga an rataye wani ƙyalle mai rubutu a mahaɗar da masu keke napep suke tsayawa. Wata makarantar kuɗi ce a cikin unguwar take sanar da shirin horar da sababbin malamai na mako shida, kyauta. Kowane mai neman horo za a haɗa shi da gogaggen malami da zai riƙa duba aikinsa, a ƙarshe a ba shi takardar shaidar gogewa, waɗanda suka fi ƙwazo kuma a ɗauke su aiki. Mashkura ta karanta sau biyu, ta ɗauki hoton lambar wayar. Da ta gaya wa mahaifinta, ya ce ai dama ya san Allah ba zai bar karatun nan ya tafi a banza ba.

Su goma sha ɗaya aka ɗauka. Ranar farko aka tara su a ɗakin karatu, mai makarantar ya shigo. Sunansa Sadisu, amma kowa Darakta yake ce masa. Dogo ne, cikin shadda mai maiƙo, da wayoyi biyu a hannu. Ya yi kusan awa guda yana magana a kan darajar malami da yadda ƙasashen da suka ci gaba suke horar da nasu, yana cakuɗa Hausa da Turanci, yana cewa shi ba riba ta kawo shi harkar ilimi ba. Da ya gama aka tafa masa, ya fita, kuma iyakar laccar da aka yi musu ke nan a duk makonni shidan.

Shugabar malamai, Madam Prudence, ita ta raba musu azuzuwa. Mutuniyar Filato ce mai sanyin murya, da tabarau rataye a wuya. Mashkura ta samu aji huɗu na firamare. Ta tambayi wane ne gogaggen malamin da zai riƙa duba ta, Madam ta ce ita ce. Wata mai suna Perpetual, wadda aka ba aji biyu, ta yi irin tambayar, aka ba ta irin amsar. Sai daga baya suka gane duk su goma sha ɗayan Madam ce mai duba su, ga shi ita ke koyar da aji shida, ita ke riƙe da ofis, ita ke karɓar iyaye.

Yara talatin da huɗu ne a ajin, ƙarƙashin rufin kwano ba silin, ga fanka a sama da ba ta juyawa. Suka miƙe suka gaishe ta da baki ɗaya, suka zauna. Ta rubuta sunanta a allo da manyan baƙaƙe, ta ce su maimaita. Ba su maimaita da wani karsashi ba. Wata yarinya a layin gaba, Yusra, ta ɗaga hannu.

"Anti, ke sati nawa za ki yi?"

Mashkura ta yi dariya ta ce in Allah ya so sai sun gaji da ita. Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da feƙe fensirinta.

Ranar Juma'a ta tattara littattafan lissafinsu ta tafi da su gida don ta san inda aka tsaya, tun da ba wanda ya bar mata ko layi ɗaya na bayani. Asabar da hantsi ta baje su a tabarma a tsakar gida. Abin da ta gani ya sa ta ajiye kofin kunun da take sha. Hannu uku daban-daban ne suka yi gyara da jan biro a littattafan tun watan Satumba. Kowane hannu ya fara daga darasi guda, na rabi da kwata da sulusi, ya ɗan taɓa gaba kaɗan, sai ya ɓace, wani ya zo ya sake farawa daga nan. Bayani ɗaya yaran sun kwafe shi sau uku, kalma da kalma. Bisa manhaja ya kamata a ce sun kai darasi na tara. Kuma duk da maimaicin, da ta duba aikin gida, fiye da rabinsu ba su san ko rabi ya fi kwata girma ba.

Litinin ta kai wa Madam Prudence maganar. Madam ba ta ɗago daga rajistar da take cikawa ba, ta ce yaran unguwar nan sai a hankali, ta yi iya ƙoƙarinta kawai. Mashkura ba ta gamsu ba. Washegari ta aro mudu da rabin mudu da ƙaramin gwangwani daga shagon mahaifinta, ta ɗebo masara a buhu ta shiga aji da su. Ta sa yaran suna aunawa da hannunsu, suna ƙirga gwangwani nawa ne ke cika mudu. 'Ya'yan 'yan kasuwa ne da masu gadi da masu sayar da abinci, awo ba baƙonsu ba ne. Cikin kwana uku abin da aka yi wata biyar ana kwafa ya zauna musu. Ta yi murna, amma murnar tana tafe da ɓacin rai, domin ta tabbata ba kan yaran ne da matsala ba.

A mako na huɗu ta lura da wani yaro, Marvel, da yake zaune a can baya. In an yi tambaya da baki ya fi kowa saurin amsawa, amma in aka ce a kwafa daga allo sai ya ƙanƙance ido, ya leƙa littafin na kusa da shi, ya rubuta shirme. Ta dawo da shi layin gaba, ta rubuta wa mahaifiyarsa takarda. Matar ta zo washegari da tsakar rana da zanen aikinta, tana ƙanshin hayaƙi, don gasasshen kifi take sayarwa a bakin titi. Sunanta Clara. Ta saurari Mashkura har ta gama, sannan ta ce wannan magana ba yau ta fara jin ta ba. Kafin Kirsimeti wani malami, Nicholas, ya kira ta ya ce yaron ba ya ganin allo, ya yi alkawarin zai raka su inda ake gwada ido da sauƙi. Da aka dawo hutu ta zo nemansa, aka ce an yi masa canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi kuma ya sake tura yaron baya saboda tsayinsa. Abin da ya ɗaure mata kai, in ji ta, shi ne canjin wurin aikin, domin kullum tana ganin Nicholas ɗin a mahaɗar unguwar Fes Tu, ƙarƙashin wata lema ruwan ɗorawa, yana sana'ar cire wa mutane kuɗi da na'ura.

Da aka tashi ranar Mashkura ba ta nufi gida ba. Ta same shi inda aka ce, siririn saurayi da ƙaramin tawul a wuya. Da ta faɗi sunan makarantar da ajin da take riƙe, ya yi wani murmushi mara daɗi, ya jawo mata benci.

Bai ɓoye mata komai ba. Shi ne na biyu a ajin a wannan shekarar, ita ce ta huɗu. Shirin ya shekara uku ana yi, rukuni biyu a kowane zango, kuma a iya saninsa ba a taɓa ɗaukar ko mutum ɗaya aiki ba. Malamai uku ne kacal masu albashi a duk makarantar, har da Madam. Sauran azuzuwan masu neman horo ne ke riƙe da su, rukuni ya fita ranar Juma'a, wani ya shiga ranar Litinin. Iyaye kuwa ce musu ake yi tsarin zamani ne na juya ƙwararrun malamai. Shi aka ba kyautar wanda ya fi kowa a rukuninsu, aka ɗauki hoto, Darakta ya dafa kafaɗarsa ya ce ya bar wayarsa a kunne. Takardar shaidar kuma ya kai ta wata makaranta a Kuje, hedimastan ya duba tambarin ya miƙa masa abarsa, ya ce wannan ce ta bakwai irinta da ya gani a wata biyu.

Ya tambaye ta Marvel. Ta ce ta dawo da shi gaba. Nicholas ya goge fuskar na'urarsa da tawul, ya ce abin da ya fi damunsa ke nan, ba aikin da bai samu ba.

Mashkura ta taka da ƙafa har gida, ba ta ma tuna da keke ba. Ba wahalar da ta sha ce ta fi ƙona mata rai ba, duk da ta sha: tsara darasi, duba littattafai talatin da huɗu, sharar aji, tsaron ƙofa da safe, raka ƙananan yara ban ɗaki. Abin da ya fi ci mata rai shi ne an yi amfani da ita wajen cutar yaran da take ganin taimakonsu take yi. Shekara uku ta yi ana koya mata cewa malami sai ya san ɗalibinsa kafin ya iya koyar da shi. Ga wani mutum ya tsara abu yadda da zarar malami ya fara sanin yaro sai a cire shi, kuma ya sa wa abin suna horo.

Perpetual ce ta farko da Mashkura ta gaya wa, a lokacin hutun tara, suna zaune a gindin mangwaron da ke bayan azuzuwa. Perpetual 'yar kudancin Kaduna ce, tana da jaririya da take bar wa maƙwabciya kullum, mijinta kuma leburan gini ne da aiki ke zuwa masa yau, gobe babu. Ta saurara ba tare da mamaki sosai ba. Ta ce ita ma ta fara zargin haka, amma saura mako biyu, kuma takarda ko ta banza ce ta fi hannu wofi. In makarantar Kuje ta ƙi, wata a Karshi za ta karɓa. Ta roƙi Mashkura ta yi haƙuri su gama lafiya, ta ce ita tana da uba mai shago da za ta koma wurinsa, ba kowa ke da shi ba. Maganar ta yi wa Mashkura zafi, musamman da ta san gaskiya ce.

Duk da haka ta shiga ofishin Madam Prudence bayan an tashi, ta rufe ƙofa, ta faɗi abin da ta ji. Madam ta cire tabarau ta murza idanunta. Ba ta musa ba. Ta ce ita ke buga jerin sunayen kowane rukuni da hannunta, kuma na gaba ma ta riga ta buga. Shekararta goma sha biyu a makarantar, tun kafin a ƙirƙiro shirin, ta yi magana sau biyu, a na biyun aka yi mata barazanar kora, ga ta da 'ya'ya uku a sakandare. Ta ce in Mashkura tana son magana ga ofishin Darakta can, ita dai ba ta ji komai ba.

Darakta ya karɓe ta da fara'a, har ya sa aka kawo mata ruwa mai sanyi. Ta yi magana da ladabi, tana ce masa yallaɓai, ta kawo batun littattafan da batun Marvel. Ya bar ta ta kai aya, sannan ya jingina da kujera.

"Malama Mashkura, kafin ni wa ya taɓa ba ki aji? Na ɗaure wani ne na kawo shi nan? Taimako nake yi. Da kuna zaune a gida, yanzu kuna da abin rubutawa a takardar neman aiki."

Ta ce yaran fa. Ya ce iyayensu ba su kawo ƙara ba. Daga nan ya canza murya, ya ce ya ji labarin darasinta na mudu, irinta makarantar take nema, kuma yana tunanin wannan karon zai karya al'ada. Ya jawo aljihun tebur ya miƙa mata takarda bugaggiya. Jawabin godiya ne a madadin masu horo, wanda za ta karanta ranar bikin rufe zango a gaban iyaye. Ya ce ta bar wayarta a kunne bayan bikin.

Ta fito da takardar a hannu. Mako biyun da suka rage ta yi su ba ta yanke shawara ba. Ta ci gaba da koyarwa da iya ƙarfinta, ta kai yaran darasi na shida. Ba ta gaya wa mahaifinta komai ba, don kullum ta dawo sai ya tare ta da murna yana tambayar 'yan ajinta, ita kuma ta kasa ɓata masa murnar.

Ranar bikin Asabar ce, farkon Afrilu, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa. An kafa rumfuna uku a filin makaranta, an jera kujerun roba, janareta na ta ruri a bayan ofis. Iyaye sun cika wurin. Mashkura na zaune a gaba tare da 'yan rukuninta ta hango Malam Datti yana shigowa cikin babbar rigarsa ta Juma'a. Ya rufe shago ranar ciniki, don wani ya gaya masa 'yarsa ce za ta yi jawabi. A ranta ta ce to shi ke nan, za ta karanta abin da aka rubuta ta sauka.

Yara suka yi waƙe-waƙe da wasan kwaikwayo, Darakta ya yi dogon bayani a kan tsarinsa na ƙwararrun malamai, sannan aka kira sunanta. Ta hau dandamali, ta buɗe takardar, ta karanta layin farko na godiya. Da ta ɗago ido sai ta hango layin ƙarshe na rumfar dama. Matasa goma sha biyu ne a jere, maza da mata, cikin kayansu mafi kyau, kowa da fayil a cinya, suna kallonta da irin idon da ita ma ta zo da shi mako shida baya. An gayyato su ne su ji daga bakinta cewa abin alheri ne.

Ta ninke takardar gida huɗu.

"Iyaye, ni ce malama ta huɗu da ta riƙe aji huɗu tun Satumba. Ba a yi wa kowa canjin wurin aiki ba. Mu ba ƙwararru ba ne, masu neman aiki ne, ba a biyanmu, kuma yau za mu tafi a kawo wasu. Ku buɗe littattafan 'ya'yanku ku ƙirga hannu nawa ya yi musu gyara."

Daga nan lasifika ta mutu, don Darakta ya yi wa mai kula da na'urar alama. Amma wadda ta saba da aji mai yara talatin da huɗu ƙarƙashin kwano ba ta bukatar makirufo. Ta ajiye shi ta ci gaba. Ta maimaita da Turanci saboda waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba. Ta faɗi yawan malamai masu albashi, ta faɗi darasin da aka maimaita sau uku, ta juya ga matasan layin baya ta ce su nemi mutum ɗaya da aka taɓa ɗauka aiki daga shirin kafin su sa hannu a komai.

Wurin ya rikice. Darakta ya karɓi makirufo, aka maido masa da wuta, ya ce yarinyar nan haushi take ji don ba ta ci gwajin ɗaukar aiki ba, kuma abin takaici ne 'yar Musulmi mai tarbiyya ta tsaya gaban manya ta yi irin wannan. Clara ta miƙe daga tsakiyar jama'a ta ce ita shaida ce, ta fara ba da labarin Nicholas da lemarsa. Wani uba ya ƙwace jakar ɗansa yana zazzage littattafai a kan kujera. Wasu kuma suka hau Mashkura da faɗa, suna cewa ta ɓata wa yara biki, in tana da magana me ya hana ta bi ta ofis. Darakta ya sanar da cewa an ɗage rabon takardun shaida sai yadda hali ya yi, ya shige ofis ya kulle.

Perpetual ta tare Mashkura a gindin dandamali, idanunta sun yi ja. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce mako shida tana barin jaririyarta da zazzaɓi da komai saboda takardar nan, kuma Mashkura ba ta da ikon yanke hukunci a madadin mutum goma. Ta juya ta tafi.

Mashkura da mahaifinta suka taka zuwa gida, shi a gaba ita a baya, suka wuce masallacin unguwa. Sai da suka kai ƙofar gida ya tsaya, ya juyo.

"Laifinki ɗaya, Malama. Kin bar ni na sa rigar nan na je na gaisa da mutumin nan da hannu biyu a bakin ƙofa."

Ya ce da ta gaya masa tun farko, da shi zai fara yin maganar, kuma da ba ta tsaya ita kaɗai ba. Ya shiga ya canza kaya ya koma shago. Har yamma duk wanda ya zo awo sai ya ji labarin Darakta, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Abin da ya biyo baya bai kai yadda ta so ba. Da aka dawo hutu iyaye tara ne suka cire 'ya'yansu, har da Clara, wadda ta kai Marvel aka yanka masa tabarau. Sauran suka zauna, wasu don makarantun kusa sun fi ƙarfin aljihunsu, wasu don Darakta ya bi su gida-gida ya yi musu alkawarin gyara. Cikin matasa goma sha biyun, biyar suka fasa, bakwai suka shiga aji ranar Litinin. An sauke ƙyallen mahaɗa, bayan kwana goma aka rataye wani mai sabon launi, an canza wa shirin suna. Duk lokacin da Mashkura ta wuce ta wurin sai ta ji kamar ta sa hannu ta yage shi.

A cikin hutun ta zauna ta cika ƙaramin littafi da bayanin yaran aji huɗu ɗaya bayan ɗaya: wa ya iya me, wa ke jin kunyar karatu a fili, wa ke zuwa ba karin kumallo, da darasin da aka tsaya. Da aka dawo hutu ta tsaya a wajen ƙofar makarantar, tun da an hana ta shiga, ta jira wanda aka ba ajin. Wani saurayi ne mai suna Musaddiq, ɗan Katsina. Ya kasa haɗa ido da ita, ya ce ya ji duk abin da ta faɗa a bikin, amma shekararsa biyu a gida. Ta ce ba ta zo yi masa wa'azi ba. Ta miƙa masa littafin, ta ce ya fara daga darasi na bakwai, kuma in zai tafi ya ƙara nasa ya bar wa na bayansa.

Ita da Nicholas suka rubuta takardar koke zuwa ga masu sa ido kan makarantu masu zaman kansu, suka shiga neman waɗanda suka taɓa yin shirin su sa hannu. Aikin ya fi yadda suka zata wuya. Wasu sun bar gari, wasu suna tsoro, wasu har yanzu suna jiran kiran Darakta. Cikin mako uku sun samu mutum goma sha huɗu. Takardun shaidar rukuninsu kuwa, Madam Prudence ta fito da su a jakarta ba da sanin kowa ba, ta bi mutum goma ta ba kowa tasa. Ta Mashkura ce kaɗai babu, don Darakta ya yaga ta. Madam ta aiko mata da saƙo ta waya cewa wata ƙawarta tana riƙe da wata ƙaramar makaranta a Kuje mai biyan albashi, suna neman malamar lissafi a watan Satumba, ta je ta ce ita ta turo ta. Mashkura ta daɗe tana kallon saƙon. Haushin matar bai sake ta ba, amma ta adana lambar.

Wata ranar Laraba a watan Mayu, bayan an ɗauke ruwan sama, tana shago ita kaɗai sai ga Perpetual da jaririyarta a goye. Suka gaisa sama-sama. Perpetual ta ce a auna mata masara mudu biyu. Mashkura na aunawa, ita kuma tana ba da labari ba tare da ta dube ta ba: ta kai takardar makarantu huɗu, uku sun ƙi ko karantawa, ta huɗun ta ce ta zo ta yi musu gwajin wata guda kyauta.

"Har yanzu ina ganin ba ki kyauta mana ba," in ji ta. "Da kin bari an raba takardu tukuna."

Mashkura ta ce ta yiwu haka ne, kuma ta yi ta tunanin abin. Ta ƙulle bakin ledar ta miƙa mata. Perpetual ta karɓa, ta gyara goyonta, amma ba ta tafi ba. Ta tsaya tana kallon titi, inda ruwa ke gangarawa cikin kwata, sannan ta tambaya ko takardar koken nan tana kusa. Mashkura ta jawo ta daga ƙarƙashin tebur. Perpetual ta karanta ta daga farko har ƙarshe, ta nuna wani wuri da aka rubuta sunan ajinta ba daidai ba, ta jira aka gyara, sannan ta ari biro ta sa hannu a layi na goma sha biyar.